Gorar Kofur Isaka

Wata Juma'a, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ina wasan ampe da ƙawayena a tsakar gidanmu a unguwar Nima, sai mai unguwa ya yi sallama da baƙi biyu, wani Bature da akawunsa. Wai daga gidan ajiye kayan tarihi suke, suna neman abubuwan da tsofaffin sojoji suka dawo da su daga yaƙin Boma.

Babanmu, wanda ya koma aikin gadi bayan yaƙi, abu biyu ya kawo daga Boma: tari mai naci, da gorar ruwa ta soja wadda harsashi ya lotsa. Gorar ma ba tasa ba ce. Ta abokinsa ce, Kofur Isaka, wanda ya cika a hannunsa yana roƙon a kai wa ɗansa da ya bari a goye can arewa. Baba ya yi ta cigiya ta bakin masu kawo doya da albasa, shiru. Ni kuwa duk mako, in na ɗebo ruwa a famfo na wanke tukunyar kokon Mma, mahaifiyata, sai in goge gorar da toka in rataye.

Aka ɗauko gorar, Baturen ya juya ta, ya yaba, ya sake yabawa. To, mu a zango, baƙo ya yabi abu a gaban babba, magana ta ƙare. Mai unguwa ya dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Taka ce." Bature dai bai sani ba, amma akawun nan fa? Ɗan ƙasa ne, ya san kara ce aka yi, ya san godiya ake yi a mayar wa mutum kayansa. Munafukin ya yi gum, ya miƙo min tsohuwar jarida wai in naɗe. Da hannuna na naɗe! Mma na bayan labule tana huci: "Wannan kunyar banza ce, wallahi."

Bayan shekaru, ina amarya, ɗan Isaka ya ɓullo, saurayi, ya zo dako a kasuwa. Baba ya sa babbar riga ya kai shi gidan tarihin. Aka ce abin da ya shiga ba ya fita, ya zama na ƙasa. Ta bayan gilashi yaron ya ga gadon ubansa, ko taɓawa ba a bar shi ya yi ba. Baba bai ƙara zancen Boma ba, kuma har ya rasu yana ganin ya ci amana.

Bara na kai jikokina gidan tarihin. Gorar tana nan fes a ƙarƙashin fitila, babu sunan kowa. Na gaya wa yarinyar da ke kula da wurin sunan mai ita, ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, kar ki jingina da gilashi." Har yau ban huce ba. A da gida ɗaya ne ya san gorar, amma kullum ana yi wa mai ita addu'a. Yanzu kowa na kallo, ba mai cewa Allah ya jiƙan Isaka.