Baba Tantama da Makullin Babban Tanki

Kafin motar farko ta shigo gidan man da ke bakin mahaɗar hanya, Baba Tantama ya riga ya jingine kekensa a bayan ofis, ya naɗe hannun riga, ya ɗauko doguwar sandar awo. Yakan durƙusa a bakin tankunan da ke binne a ƙasa, babba da ƙarami, ya shafa wa ƙarshen sandar wani maganin gwaji mai kama da man goge baki, wanda yake rikiɗewa ja da zarar ya taɓa ruwa. Ya zura, ya jira, ya zaro. Ya duba da tabarau, ya cire tabarau ya sake dubawa, kamar yana zargin gilashin da haɗa baki da wani. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye shi.

Direbobin tanka ne suka laƙaba masa sunan. Sun ce ko mahaifiyarsa ce ta tuƙo tanka, sai ya sa ta jira ya gwada man. Takarda ba ta gamsar da shi, hatimi ba ya gamsar da shi, direba mai yawan fara'a kuwa shi ya fi tayar masa da hankali. "Me ya sa yake dariya?" yakan tambayi abokan aikinsa. "Ruwa ba ya tsami banza." Mu da muke shan mai a wurinsa mun ɗauke shi tsoho mai wuyar sha'ani, muna yi masa ba'a a bayan ido. Ba mu san amfanin wannan hali nasa ba sai shekarar babbar guguwa, kuma ko a lokacin ma ba da wuri muka sani ba.

Kwana uku aka yi ana ruwa da iska. Gadar da tankoki ke bi ta karye, turakun lantarki suka kwanta a titi, iska ta yaye rabin rufin gidan Baba. Da sama ta washe, kowa ya ruga neman fetur: masu motoci, masu babura, masu janareta. Kafin azahar kuɗin lita ya ninka, kafin washegari ya sake ninkawa. 'Yan bumburutu, masu sayar da mai a jarka a bakin titi, suka tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari.

Safiyar da aka buɗe gidan man, layi ya riga ya kai kwanar kasuwa. Baba ya zura sandarsa a ƙaramin tanki, ta fito fes. Ya zura a babban tanki, ta fito jawur fiye da taƙi guda. Ya goge, ya sake shafawa, ya sake zurawa. Ja dai. Ruwan ambaliya ya shiga ta murfin da robarsa ta tsage, murfin da ya yi wata huɗu yana roƙon a canza. Ya sa kwaɗo ya kulle famfon babban tankin, ya jefa makullin a aljihun gaba, ya shiga ofis.

Manaja, wanda bai kai babban ɗan Baba shekaru ba, ya saurare shi yana leƙen layi ta taga.

"Baba, ruwan nan ai a ƙasa yake kwance. Mu sayar da na sama, wa zai sani?"

"Bututun famfo daga ƙasa yake zuƙa, Manaja. Ruwan zai fara fitowa."

"To mu garwaya da na ƙaramin tanki. Ka dubi mutanen nan, ko kalanzir ka ba su godiya za su yi."

"Yau za su yi godiya. Gobe fa, idan motar mutum ta mutu a tsakiyar daji da iyalinsa a ciki?"

Manaja ya juyo ya miƙa hannu. "Kai ma'aikaci ne a nan, Baba, ba mai gida ba. Ba ni makullin."

Baba ya tuna rufin gidansa, ya tuna cewa a shekarunsa ba mai sake ɗaukarsa aiki. Ya dafe aljihun ya ce, "Zan ba ka, amma a waje, gaban jama'a. Kuma zan faɗa musu abin da ke ciki kafin ka buɗe."

Manaja ya sauke hannunsa. Bai sake neman makullin ba, amma da mutane suka tare shi suna tambayar dalilin rufe famfo, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ku tambayi tsohon, shi ke riƙe da makulli." Magana ɗaya ce, ta kuwa isa.

Baba ya kafa doka a kan ƙaramin tankin: lita biyar ga mota, biyu ga babur, babu jarka. Ya tsaya da kansa a bakin famfo tun safe har faɗuwar rana. A layi kuwa magana ta fara yawo. An ce ya ɓoye babban tanki ne har kuɗin ya ƙara tashi. An ce 'yan bumburutun da ke ƙetaren titi yaransa ne. Wani ya rantse ya ga ana loda duro a bayan ofis. Ina cikin layin nan da babur ɗina, kuma ba zan ɓoye ba, har da bakina a cikin masu cewa, "Dama irin masu tsananin nan su ne manyan ɓarayi."

A rana ta biyu aka kewaye shi. Ya ɗauko farar kwalba, ya ɗebo mai daga babban tankin a gaban kowa, ya ɗaga ta sama. Ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur ya hau kansa, tsakaninsu layi kamar an ja da zare.

"Ga abin da kuke so in zuba muku," in ji shi.

Sai wani daga baya ya ce, "Da ruwan ya zo a kwalbar!" Aka kwashe da ihu. Dutse ya taso daga cikin taron ya fasa masa gira. Baba ya ajiye kwalbar, ya ɗaure wurin da hankici, ya koma bakin famfo ya ce, "Wa ke bi?"

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne wata mata da ta zo da jarkoki biyu, ba ta bi layi ba, ta ce ita ce ke kula da ƙaramin asibitin unguwa. Akwai jarirai biyu a kwalba, in ji ta, da firjin magani, kuma janareta na gab da tsayawa. Ba ta sanye da fararen kaya, ba ta da takarda. Baba ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ina shaidarki?"

"Baba, ambaliya ta shiga ɗakina, kayan aikina na kan igiya. Wace shaida kake so?"

Ya cika mata jarkokin, layi na ta zage-zage. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da ta ɗora su a baro ta tura, sai ya miƙa wa abokin aikinsa kan famfo, ya hau keke ya bi ta daga nesa, yana laɓewa bayan shaguna kamar ɗan leƙen asiri. A ƙofar asibitin ta tsaya, ba ta ko waiwaya ba, ta ce, "Baba, tun daga kwanar kasuwa nake jin ƙarar sarƙar kekenka. Shigo ka gani, gani ya kori ji." Ya shiga da kunya. Ya ga jariran, kowanne bai fi tafin hannunsa biyu ba. Ya tsaya har ta juye man a janareta, ya leƙa jarkokin ya tabbata ba ta rage komai ba. Daga ranar, kowace safiya shi yake ɗauro jarkokin asibiti a bayan kekensa. Masu ganinsa a hanya suka ce ga shi nan, yanzu ma da kansa yake kai wa 'yan bumburutu.

Na waje duk da sauƙi. A rana ta uku surukinsa Dogo, direban tasi, mijin autarsa, ya zagayo ta baya ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ka san halin da 'yarka ke ciki, wata tara ya cika. A cika min tanki, ko naƙuda za ta taso."

"Lita biyar, Dogo. Ka ajiye motar a gida kada ka yi haya da ita, za ta kai ku asibiti sau uku."

"In ajiye mota mu ci me? Baba, a babban tankin nan fa? Tsakanina da kai, ba mai ji."

"Ruwa ne a ciki."

Dogo ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. "Har ni, Baba?"

Ya karɓi lita biyar ɗinsa, ya fita ta gaban layi yana faɗa da ƙarfi cewa shi ma da yake surukinsa an hana shi, sai mai jarka. Da yamma autar ta zo gida da ƙyar, ta zauna a ƙarƙashin ledar da suka rufe ɗaki da ita, ta ce, "Baba, don Allah gaya min gaskiya, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Akwai abin da ake ba ka ne?" Dutsen da aka jefi Baba da shi bai yi masa zafin wannan tambayar ba. Ya ce mata, "Tashi in raka ki, kada duhu ya yi miki a hanya." Iyakar amsarsa ke nan.

Akwai wani gidan mai a can gaba da shi ma ambaliya ta shafa. Su ba su rufe famfo ba, kuma ba su ƙayyade lita ba. A rana ta huɗu rabin layinmu ya koma can, ana sa musu albarka. Dogo ya cika tankinsa fal. Kafin la'asar motoci suka fara tari suna mutuwa a kan titi, ɗaya bayan ɗaya, daga kwanar kasuwa har bakin karyayyar gada. Tasin Dogo ta tsaya da fasinja huɗu a ciki. Bakaniken unguwa ya kwana uku yana sauke tankunan motoci yana zubar da ruwa, yana ce wa duk wanda ya zo masa, "Na wurin tsohon nan ko ɗaya ba a kawo min ba."

Naƙudar autar ta taso da hantsi, washegarin ranar da tasin ta mutu, motar mijinta na gareji a warwatse. Maƙwabcinsu mai a-daidaita-sahu, wanda ya haƙura da 'yan litocinsa na wurin Baba, shi ya kai ta ƙaramin asibitin nan. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka kunna na'urar taimakon numfashi wa jaririyar. Janareta na aiki. Baba bai samu zuwa ba sai bayan ya rufe famfo, ya tsaya daga bakin ƙofa da warin fetur a jikinsa, ya ƙi karɓar jikar tasa har sai da ya wanke hannu sau uku.

Kwana goma sha ɗaya aka yi kafin a gyara gada tankoki su dawo. Kada mai karatu ya zaci an yi masa biki. An kira masu yashe tanki, aka yi asarar mai da yawa, Manaja ya rubuta wa masu gidan man cewa taurin kan tsoho ne ya jawo. Aka karɓe makullan daga hannunsa, ya shekara biyu yana zuba mai kamar sabon shiga, har sai da aka canza manaja. Dogo bai taɓa buɗe baki ya ce a yafe masa ba, sai dai shi ya hau ya buga wa Baba sabon rufi. Da mutane suka ga kwano na ƙyalli a kan gidan, wasu suka ce, "Ka gani ko? Kuɗin man guguwa ne ya fito." Har yau akwai masu faɗin haka.

Baba, kai ne ka ƙi yarda da kowa don kada a cuci kowa. Kai ne ka tsaya kwana goma sha ɗaya a gaban mutanen da kake karewa suna kiranka ɓarawo, ba ka rama ba, ba ka kuma buɗe famfon don su yi shiru ba. Mun zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, kai kuwa zarginka kullum a kan abin da za a iya gwadawa yake tsayawa: ka gwada, ka gani, ka wuce. Namu ba mu gwada ba, muka yanke hukunci. Ni da na zage ka daga kan babur ɗina, ga shi na rubuta a inda kowa zai karanta: ka yafe min.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar gwiwoyin da suka sha durƙuso. Ku kuma matasan da ke riƙe da kan famfo, da duk wanda aka damƙa wa abin da jama'a ke rububi a kansa, guguwa za ta sake zuwa, mai zai sake yankewa, za a sake miƙo muku hannu a ce ba mai sani. Ranar nan ku sani ba lallai a gode muku ba, wataƙila ma a jefe ku. Ku riƙe amanar duk da haka. Mu da za mu tsaya a layi kuwa, in mun ga an hana mu, mu tambayi dalili kafin mu sunkuya neman dutse.