Bazarar da Gwaggo Dije Ta Yashe Mu a Khaibar

Duk wanda ya taɓa shiga mota da Gwaggo Dije ya san sai an fara saka turminta kafin a saka mutane. Ba ɗan turmin daka yaji nake nufi ba. Babba ne, baƙi wuluk, wanda sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Taɓarya kuwa a cinyarta take tafiya, kan ya leƙo ta taga. Ku da kuka tashi a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina kun san an taɓa saya mata injin niƙa na lantarki, ta yi godiya sosai, ta mai da shi ma'ajiyar allura da zare.

Ni a farkon wata bazara aka kawo ni Madina daga Gusau, lokacin ko wayar hannu ba ta yawaita ba. Maigidana Hamidu ɗan ƙanin Gwaggo ne, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. A nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ni kuma Larabcina bai wuce na salla ba. Muna son juna, wallahi, sai dai hirarmu ba ta wuce murmushi da nuni da hannu. Gida cike da mutane, ana ta shewa, ni ina tsakiya kamar kurma.

Wata rana da la'asar ina wucewa ta ƙofar falo, sai na ji wan maigidana, Usman, mai gauraya Hausa da Larabci, yana cewa, "Halas, ranar Alhamis za mu kashta. Can cikin jeji, inda babu kowa. Kar a manta da wuƙa da igiya."

Sai na ji maigidana ya ambaci sunana, na leƙa, na ga ya ɗora yatsa a baki alamar kada in sani.

Innalillahi! Ban san lokacin da na isa ɗakin Gwaggo ba, ko takalmi babu.

"Gwaggo, za su kashe ni! Ranar Alhamis!"

"Me kika ji sun ce, 'yar nan?"

"Cewa suka yi za mu kashta!"

Ko tauna goronta ba ta daina ba. Ta ce, "Af, wannan? Ai duk shekara suke yi. Matar Usman ma haka aka yi mata tana amarya. Ke dai ki sa takalmi mai ƙwari, wurin akwai duwatsu."

Sai da ta ga na zube a tabarma, sannan ta yi mini bayani. Kashta a bakin mutanen nan fita jeji ce shan iska, a kafa tanti, a gasa nama. Wuƙar ta rago ce, igiyar ta tanti, ɓoye mini kuma da ya yi, so yake ya ba ni mamaki. To, ya ba ni. A nan kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: in bazarar nan ta ƙare ban iya hira da mijina ba, gida zan koma. Ta dube ni ta ce, "To." Ta ɗauki taɓarya ta nufi falo, ni dai daga inda nake na ji ƙarti suna ba da haƙuri.

Ranar Alhamis ta kafa doka tun a mota: muddin an fita gari, duk wanda ya yi Larabci a gaban amarya, daka zai yi. Ba ta ware maza ba. Da yamma muka sauka a wani fili bayan gari, kafin a gama kafa tanti Usman ya faɗi "yalla," aka miƙa masa taɓarya. Yana cikin sussukar gero, gumi na zuba, sai muka hango maza cikin fararen riguna suna tahowa daga tantunan nesa, a natse, har da wani tsoho mai sanda. Na zaci faɗa suka zo yi. Ashe a wurin mutanen jeji ƙarar turmi gayyata ce, ma'anarta ana daka gahawa, kowa ya zo ya sha. Suka yi sallama suka zauna suna jiran gahawa. Mazan gidanmu suka rasa inda za su sa kansu don kunya.

Gwaggo ko a jikinta. Ta dama musu kunun tsamiya mai yaji ta aika. Tsohon ya kurɓa, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce a tambayi Hajiya wace irin gahawa ce wannan.

Ta ce, "Ku ce masa ta manya ce."

Ya miƙo kofi aka ƙara masa.

Fita ta gaba Wadi Baida muka je, kwarin nan da ake cewa na aljanu ne. Babu wanda ya gargaɗe ni. Muna dawowa Usman ya cire giya, ya ɗage ƙafa, mota ta ci gaba da tafiya, har tana ƙara gudu, ga hanya kamar hawa muke yi. Na ƙanƙame hannun maigidana ina karanto duk addu'ar da na sani. Gwaggo kuwa gilashi ta sauke ta leƙa.

"Salamu alaikum, bayin Allah. Sannunku da aiki. Yaya iyali?"

Usman ya ce, "Gwaggo, aljanun Madina ai Larabci suke ji."

"Rufe mini baki. Wa ka taɓa gani yana tura motar wani cikin wannan zafi, ko ruwa ba a ba shi ba, in ba mutanenmu ba? Kashe injin, kada ka ɓata mai a banza."

Da motar ta tsaya a ƙarshen kwarin, ta sake leƙawa ta ce, "Haba! Harra ta Yamma muka nufa fa."

Duk wannan ana dariya, amma dokar Gwaggo ba ta yi mini magani ba. Maigidana don kada ya yi daka sai ya daina magana gaba ɗaya. Da yana yi mini Larabcin da ba na ji, yanzu shiru ne kawai. Bazara ta yi nisa, ni kuma na fara ninke kayana a ɓoye, zuciyata a cushe.

Da dabino ya nuna, dangi duka suka haɗu a garin Khaibar, can nesa da Madina, a gonar wani surukin gidan. Motoci cike, tsofaffi da jarirai, tantin mata daban na maza daban, aka yanka raguna, aka ci ɗanyen dabino har aka gaji. Da safe Gwaggo ta kira mu ni da maigidana, ta ce akwai wata bishiya can ƙarshen gona, ita kaɗai take sha'awar 'ya'yanta, mu je mu tsinko mata. Muka tafi, yana gaba ina baya. Muka yi ta nema, ba mu ga wata bishiya da ta bambanta da sauran ba, muka cika kwando muka juyo.

Jama'a, babu kowa! Babu mota ko ɗaya. An tuge tantuna, an bar guda. Ga jarkar ruwa, ga tukunyar shinkafa da nama, ga buta da tabarma. Turmin dai ta tafi da abinta. Na duba gabas na duba yamma, ban da dabino sai baƙaƙen duwatsu har iyakar gani. Daga baya muka ji yadda aka yi: zama ta yi a mota ta rantse ba za ta sa komai a bakinta ba sai a Madina, kuma duk wanda ya ce a jira mu ba ita ba shi.

Maigidana ya zagaya tantin, ya dawo, ya yi Larabci mai tsawo, ya ga ina kallonsa kawai. Ya zauna a tabarma. Can sai ya dafe ƙirji da hannu biyu ya ce, "Oh ni jikar Hansatu! Na shiga uku na lalace!"

Na zabura na waiwaya ina neman Gwaggo. Babu ita. Daga bakinsa ta fito, har da jan muryar.

Ya ce, "Ke 'yar nan, ki dubi girman Allah ki zauna. Na ga kina ninke kaya. In kin tafi wa zai dube ni, ni marainiyar Allah?"

Namiji da gemunsa! Na yi dariya har na kwanta a ƙasa, hawaye na zuba, daga nan dariyar ta koma kuka na gaske. Ashe Hausar da ke bakinsa ke nan kaf, ta matar da ta goya shi. Yana yaro ya taɓa yin ta a gaban baƙi daga Kano, suka yi ta kiransa tsohuwa, tun ranar ya kulle bakinsa. Tsoronsa ke nan, kada amaryarsa ta ji shi ta raina shi. Na ce masa ya yi ta yi, ko da muryar kakar kakarsa ce, ni dai in ji abin da ke ransa. Muka zauna a inuwar dabino muna hira har rana ta juya, ya ba ni labarin mahaifiyarsa, na ba shi na garinmu. Duk inda ya yi mamaki sai ya tafa hannu ya riƙe haɓa, ni kuma in sake faɗuwa.

Washegari da hantsi mota ta dawo, kan taɓarya na leƙowa ta taga. Gwaggo ba ta ko sauko ba.

"Ya yi magana?"

"Ya yi, Gwaggo."

"Da muryar wa?"

"Da taki."

"To shi ke nan. Ba a taɓa ƙin maganata a gidan nan ba. Ina dabinona?"

Ban koma Gusau ba sai da goyo, kuma tare da shi muka je.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita bayan wasu shekaru, Larabcin da ta yi rayuwarta da shi ya zube mata gaba ɗaya, Hausa kaɗai ta rage. Jikoki suka kewaye gadon suna kuka, tana yi musu magana sun kasa mayar mata yadda za ta gane. Maigidana ya durƙusa ya riƙe hannunta ya ce, "Ke 'yar nan, sannu. Ai muna nan, ba inda za mu je."

Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Wace tsohuwa ce wannan?"

Ya ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta yi murmushi, ta ce, "To zauna kusa, ke kaɗai nake ganewa." Bai tashi daga wurin ba har Allah ya karɓi abinsa.

Gwaggo, na zo garin nan ba ni da mai ji na, kika ji ni. Allah ya ji ƙanki, ya haskaka makwancinki a maƙabartar Baƙi'a, kada ya bar ki cikin kaɗaici ko na ƙiftawar ido. Amin.