Na-Tsaye da Ƙurajen Fulogi

A garejin bakin titi babu wanda ya taɓa ganin Na-Tsaye a zaune. A tsaye yake cin abinci, yana magana da kai ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya. Matarsa ta daɗe da daina miƙa masa kujera. Shekara ashirin yana gyaran mota tare da yayansa, kuma a ganinsa duk abin da ya ƙi lafiya mai yake so: ƙofa mai ƙara, kaushin ƙafa, komai.

Shi ya sa ranar da Fulogi, karen da ke gadin garejin, ya fara jan gindi a kan siminti, yana juyowa yana cizon ƙasan wutsiyarsa, Na-Tsaye bai tambayi kowa ba. Ya ɗaga wutsiyar da bakin sifana. Wurin ya yi jawur, ga ƙuraje, ga wani ƙulli kamar kan noti. Ya ɗebo baƙin mai a tsumma ya lafta masa.

Kwana uku yana laftawa. Ƙullin ya ƙara girma, gashin wurin ya zube, ga wari. Fulogi ya kasa zama, ya kasa kwanciya, sai zagaya motoci yake yi, Na-Tsaye na bin bayansa.

Yayan ya ce, "Ka ga matar can mai jar mota? Hanci ta toshe ta juya. Wannan ciwon yaɗuwa yake yi. Zuwa jibi kada in ga karen nan."

"Haba Yaya, shekararsa takwas fa a nan."

"Ni shekarata ashirin. Ka taɓa ganin ina goga gindi a ƙasa?"

Mai walda na gefe ya yi dariya har ya ajiye tabarau. Na-Tsaye bai yi ba. A cikin tsohuwar taya ya tsinci karen nan, ko ido bai gama buɗewa ba.

Washegari da safe ya saka shi a bayan a-kori-kura, sai asibitin dabbobi. Ana jiran layi, shi yana kai da kawo a baranda har maigadi ya ce, "Malam, kai ne mara lafiyar ko karen?"

Likitar ta sa safar hannu, ta duba, ta goga auduga a wurin, ta shinshina.

"Wane ne ya yi wa karen nan sabis?"

Na-Tsaye ya sosa ƙeya. "Ɗan kaɗan ne, likita."

"Ɗan kaɗan! Wata 'yar jaka ce a gefen dubura ta toshe ta yi ruwa, man naka kuma ya ƙone fatar. Ba ya kama mutum." Ta wanke, ta matse, ta ba da magani. "Sai ruwan ɗumi a tsumma mai tsabta, ka danna a wurin minti goma, safe da yamma. Ka zauna, ka natsu. In kana rawar ƙafa shi ma ba zai tsaya ba."

"Minti goma? A zaune?"

"Ko ka fi son a yanka wurin?"

Da suka koma gareji, gwajin farko bai yiwu ba. Ya sunkuya a tsaye, Fulogi ya zille, ruwan ya kife. Ya sake ɗumama wani. Ya jawo taya, ya kalle ta kamar bai san amfaninta ba, ya zauna a kai, ya danna wa Fulogi tsumman.

A haka yayan ya shigo ya same shi, ya yi turus.

"Na-Tsaye! Wa ya rasu?"

"Saura minti huɗu, Yaya. Likita ta ce ba ya yaɗuwa. Yi magana a hankali."

Gwiwarsa na ta karkarwa, ya sa ɗaya hannun ya danne ta. Fulogi ya yi ajiyar zuciya, ya ɗora haɓa a kan takalminsa, ya lumshe ido.

Yayan ya daɗe yana kallonsu. Ya shiga sito ya fito da kwali, ya jefo musu.

"Shimfiɗa masa. Simintin nan da zafi. Kuma in na sake ganinka da baƙin mai a kusa da shi, kai zan kora."