Rumfar Inabin Ummu Riyad

Surukata Ummu Riyad, Allah ya jiƙanta, ita ta dasa inabin da ke ƙofar gidanmu a Sir, garinmu na kan dutse, tun tana amarya. Reshe guda ta tsinko daga gidan ubanta, ta kafa shi a gindin baranda, ta yi ta fama da shi har ya hau katako ya zama rumfa. Amma har furfura ta rufe mata kai, ba ta taɓa zama a ƙarƙashin rumfar nan ba a lokacin da inabin ya nuna.

Dalili kuwa, inabi a kan dutsenmu sai bazara ta yi nisa yake nuna, bazara kuma ba tamu ba ce, ta mutanen birnin Tarabulus ce. Da zarar zafi ya buɗe a bakin teku, sai ka ga motocinsu sun jero suna nishi a kan hanyar dutse, katifu a ɗaure a sama, yara sun leƙo da kawuna ta taga. Mu kuma sai mu share gida, mu miƙa makulli, mu kwashe komatsanmu mu hau saman rufi. A can muke kafa bukka ta rassan itace da ganye, a can muke girki, a can muke kwana, har sanyi ya kori baƙi. Da kuɗin hayar ake sayen garin alkama da man murhu na hunturu, don haka ba mai yin musu.

Ni ce dai na yi musu, don daga ƙauyen da aka auro ni ba mai zuwa shan iska, kuma bakina ba ya riƙe magana. Ranar da aka fara ɗora min tukunya aka nuna min tsani, na ce:

"Umma, fisabilillahi, mu da gidanmu mu ne a sama kamar tattabaru?"

"Ke Fadwa, hau ki ba ni wuri," in ji ta. "In ƙanƙara ta rufe ƙofa kina gasa ƙafa a murhu, ki sake yi min wannan tambayar."

Baƙinmu ba sa canzawa. Kowace shekara Sitti Wadad ce, matar Abu Hisham mai masana'antar sabulu, da 'ya'yanta. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Ba ta taɓa zuwa hannu biyu ba: ga sabulu mai ƙamshi, ga alewar cuku ta Tarabulus, ga yadi na yara. Amma tana sauka daga mota za ta goga yatsa a kan taga ta duba, sannan ta ɗaga murya: "Ummu Riyad, an shanya katifun nan kuwa?" Ni kuma daga sama in ta cizon leɓe.

Duk da haka, wallahi ina kewar bazarar wancan zamani. Daga kan rufi muke kallon garin yana cika. Da hantsi baƙi su ɗunguma zuwa maɓuɓɓuga, su jefa kankana cikin ruwan sanyi su zauna gadinta, wai sai ta tsage. Da la'asar a yi ado a fita yawo a babban titi, masu gasa masara na fifita, mai hoto na jan jakinsa da ya sha kwalliya, shagunan gahawa sun baza kujeru har bakin rafi. Abu Hisham kullum sai ya fita da 'yar shara-sharar rigarsa ta birni, kullum kuma kafin magariba sai ya aiko a ara masa kwat ɗin surukina, haƙoransa na haɗuwa. In hazo ya taso daga kwari ya lulluɓe gonakin tuffa, su tafi suke yi suna kiran juna a zo a gani. Mu gudu muke yi mu kwashe shanyar tumatir.

Abin da ke ci min rai shi ne kwando. Sitti Wadad tana da kujerar kaba da take zama a ƙarƙashin rumfa, gahawa a gefe. Ranar da inabi ya nuna, sai mu ji ta:

"Ummu Riyad! Zuro kwando! Ku ɗanɗana inabinmu, bana ya yi zaƙi."

Inabinmu! Umma ta zura igiya, ta jawo, ta leƙa ƙasa ta ce, "Mun gode, Allah ya ƙara arziki." Sai ta raba wa jikokinta. Ko ƙwaya ɗaya ban taɓa ganin ta kai baki ba. Da na matsa mata, ta ce:

"Ni ba zan ci inabina a kwando ba. Ranar da zan ci, a zaune zan ci a ƙarƙashinsa, in miƙa hannu in tsinka da kaina."

"Yaushe ke nan, Umma?"

"Baɗi, in muna da rai."

Baɗin nan ya ƙi zuwa. Wata shekara auren 'yarta, wata shekara ƙanƙara ta kakkaɓe tuffa tun tana ɗanya, wata shekara ciwon surukina. Kafin mu sauko kuwa, baƙi da zirnako sun gama da rumfar, sai busassun tsinkaye suna reto.

Har dai Allah ya kawo shekarar. Surukina ya rasu, gwiwoyin Umma sun daina jituwa da tsani, mijina Riyad kuma ya sami mota yana jigila tsakanin Sir da Tarabulus. Ya ce an gama ba da haya. Daga gidan Sitti Wadad ma ba a aiko ba, sai labari muka ji cewa Abu Hisham ya riga mu gidan gaskiya cikin hunturu. Ban taɓa ganin Umma cikin farin ciki irin na lokacin ba. Ta sa aka shafe baranda da farar ƙasa, ta ɗinka 'yan jakunkuna na tsumma ta sa na ɗaure wa kowane nono na inabi saboda zirnako. Kullum tana kan kujerar kaba tana duban sama, tana ce min, "Saura kaɗan, Fadwa, ya fara ja." Ba mu san ita ce bazararta ta ƙarshe ba.

Ana nan sai mota ta tsaya a ƙofa. Suhaila ce ta fito, autar Sitti Wadad, wadda muka sani tun tana yawo da ɗan kamfai a tsakar gidan nan. Ta ja mu gefe, idonta jajir.

"Goggo, ki yi min rai. Tun da Baba ya rasu ruɗin tsufa ya kama Mama, ni kaina wani lokaci ba ta gane ni. Kullum sai ta ɗaure kaya ta ce a kai ta gida. Na kai ta gidan iyayenta, ta ce ba nan ba. Ashe nan take nufi."

Ba ta rufe baki ba, Sitti Wadad ta riga ta sauko. Ta wuce mu kamar ba ta ga kowa ba, ta miƙe sak zuwa rumfa, ta zauna a kujerar, ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, mun dawo."

Na ce, "Suhaila, ai akwai otal a gari." Umma ba ta ko dube ni ba. Ta daɗe tana kallon jakunkunan tsumman nan, sannan ta ce:

"Fadwa, fito da zannuwan gadon baƙi."

"Umma, baɗin fa? Wannan shi ne baɗin!"

"Na sani. Kira min Riyad."

A bayansa ya goya ta ya hau tsani. Ni kuka na yi, kukan haushi, ina kafa bukka ina jifa da rassa. Ita kuwa tun da ta hau ba ta sauka ba, don hawa da sauka sun zama aiki. A shekarar nan ba wanda ya kira a zura kwando, Sitti Wadad ta manta akwai mutane a sama.

Ranar da ƙamshin inabi ya fara hawowa har kan rufi, Umma ta ce wa Riyad ya sauke ta, ta ce gani kawai za ta yi. La'asar ce sakaliya. Ta tsaya a bakin baranda tana dafe da bango, kamar maƙwabciyar da ta zo ɗiban wuta. Sitti Wadad ta ɗago ta ƙare mata kallo, ba alamar ta san ta.

"Suhaila! Wace irin tarbiyya ce wannan? Mun yi baƙuwa kin bar ta a tsaye?"

Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannun Umma, ta zaunar da ita a kan kujerar kaba, har da gyara mata matashi a baya. Ita ta zauna a kan dakali.

"Daga ina, baiwar Allah?"

"Daga nan kusa," in ji Umma.

"To, sai kin ci inabi. A'a, kar a kawo faranti. Miƙa hannu ki tsinka da kanki, ya fi daɗi."

Umma ta ɗaga hannu. Ta kwance jaka ɗaya, ta tsinki ƙwaya, ta sa a baki. Ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ni ina jikin tsani, na toshe bakina da mayafi.

"Yaya kika ji shi?"

"Da zaƙi."

"Ba na gaya miki ba? Ba ni na dasa ba fa, kar in ci amana. Mai gidan ce, wata mutuniyar kirki, hannunta da albarka. Shekara da shekaru ina so in ce ta zo mu zauna a nan, sai in ji nauyi. Ta yaya zan gayyaci mace zuwa gidanta?" Ta waiga hagu da dama. "Bana ban gan ta ba. Ko kin san ta?"

"Na san ta."

"Don Allah in kin gan ta, ki gaishe min da ita."

Umma ta sake miƙa hannu ta tsinko wata ƙwayar.

"Za ta ji," in ji ta.