Hannun Hagu a Bakin Kwano

Shekara tara ina yi wa wani Alhaji awon hatsi a kasuwar Gwarzo. Shi ke da rumfa da buhuna, ni ke da durƙuso. Tun asali kwanonmu biyu ne: mai zurfi na saye daga manoma, da wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa. Duk layin haka ake yi, har na daina jin komai.

Da shari'a ta zo, 'yan kwamiti suka bi rumfa-rumfa suka kwashe tsofaffin kwanuka, suka raba sabo mai hatimi, guda ɗaya tak, da shi za a saya, da shi za a sayar. Wallahi na yi murna, na ce na huta da ɗaukar alhaki. Alhaji ma ya fi kowa kabbara.

Washegari ya ja ni bayan rumfa. "Kwanon nan halal ne, kada ka taɓa shi," in ji shi. "Amma in manomi ya kawo, ka san inda ake sa hannun hagu."

Na sani mana. Kewaye bakin kwano ake yi da hannu, dawa ta yi tozo ta hau har tsintsiyar hannu, a juye duka a buhu a ce ɗaya. In sayarwa ce, sai a janye hannun. Da can haramun ɗin a jikin ƙarfe yake, yanzu ya dawo jikina. Na ce, "Alhaji, ina tsoron Allah." Ya ce ba laifi, mutum uku na jiran tabarmata. Lokacin taki ya gagari talaka, gonata ta Kabo ko wata huɗu ba ta ciyar da mu, ga 'ya'ya biyar. Na koma kan tabarmata, ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Mainika, aminin mahaifina, ya kawo dawarsa sayarwa, ya sauke buhu a gabana. Muka gaisa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya.

"Tunda kai ne, ɗana, ga kuma kwanon shari'a, ba sai na tsaya ba," ya ce. "Auna, bari in yi alwala."

Ya juya ya tafi. Alhaji na kan benci yana jan carbi, idonsa a kaina. Na kasa yin bisimilla. Na sa hannun, tun daga kwanon farko har na ƙarshe.

Da dattijon ya dawo bai ko leƙa buhun ba. Ya kama hannayena duka biyu, nasa da sauran danshin alwala, ya daɗe yana sa mini albarka, ni kuma ina amsawa da amin.