To Tara na Lanti Mai Ƙuli

Cikin duk shekarun da na yi a gidan rediyon nan namu na Matameye, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na ɗauki kayen mushena, wato littafin malamina na boko, na mayar masa har gida. Ku da kuka shigo aiki bana kun sha jin direkta yana tambayata "wanne daga ciki?", kuna dariya ba ku san mafarin zancen ba. Gara ku ji daga bakina, kafin Sani mai na'ura ya ba ku nasa wanda ya sha gishiri.

Kun san tiyatir ɗinmu na ranar Alhamis, Ƙofar Lanti. Ni ce muryar Lanti tun daga farko. Mace ce mai matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli a rumfar ƙofar gidanta, mijinta kuma Tanko, mutumin kirki amma mai saurin alkawari. Idan damina ta faɗi rabin 'yan wasanmu gona suke tafiya, har da mai rubuta mana wasan, shi ya sa muka buɗe filin da muke kira Ku Ƙarasa Mana. Mai sauraro zai ɗauki mutanen wasanmu ya rubuta musu labarin da ya ga dama, mu da muka rage mu karanta. Sharaɗi biyu ne kawai: kada ka kashe mana kowa, kada ka sauya wa kowa hali. Takardu na zuwa daga Yauri da Kance da Icirnawa, wasu a hannun direbobin kasuwa, wasu ta waya. Ƙa'idar aikin ita ce ni nake fara karantawa, don ni ke riƙe da shirye-shirye, sannan direkta ya sa hannu. Talata a yi gwaji, Laraba a ɗauki murya, Alhamis ya fita.

Wata Juma'a cikin tsakiyar damina na shigo na tarar da kaye, wato littafin rubutu na 'yan makaranta, a kan teburina. Ban buɗe ba na gane mai shi, don rubutun da ke bayansa shi ne rubutun da na fara kwaikwayo a duniya. Mushe Isufu ne. A nan malamin boko shi ake ce wa mushe, kuma wannan shi ya kama hannuna ya koya mini riƙon bik, wato biro. Ya daɗe da ajiye aiki, amma har yau idan na hango shi a hanya sai na gyara mayafi.

Na zauna na karanta da murna, na gama murnar ta koma ciki. Hausarsa tsaf, ba inda za ka sa ja. Labarin shi ne Tanko ya yi wa wani abokinsa alkawarin rabin rumfar Lanti, ya zo ya jera kwalaben isansi, wato fetur, yana sayar wa masu moto. Lanti ta ji, ta ce to, ta shiga ɗaki tana kuka. Aka ture mata kasko, ta ce to. Aka ce ta koma cikin gida da tuyarta, ta ce to. A ƙarshe Tanko ya ga haƙurinta ya saya mata turmin atamfa. Na koma farko na ƙirga. Sau tara Lanti ta buɗe baki a labarin nan, sau tara "to" ta ce, sauran kuwa hawaye ne. Raina ya ɓaci sosai. Lantin da mata ke tsayar da ni a kasuwa suna ce mini "haka nake ji amma ban iya faɗa ba", ita ce aka mayar tabarma.

Na ɗauki kayen na shiga wurin direkta na ce masa wannan ya karya sharaɗi na biyu. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Rabi, mutumin nan rabin garin nan shi ya koya musu karatu, har da ni da ke. Da ƙafa tai ya kawo shi, na kuma yi mai alkawari. Alhamis za shi fita. In ba ki iya karantawa, Hadiza ta karanta Lanti."

Na san abin da wannan ke nufi. Muryar wasa idan ta koma bakin wani sau ɗaya, ba lallai ta dawo ba. Na ce, "To, shef." Na fita da kayen a jakata.

Asabar da hantsi na je gidan Mushe. Na tarar da shi a zaure a kan kujerarsa ta igiya, rediyo a gefe. Daga inda na durƙusa ina hango matarsa, Hajiya Zulai, wadda muke ce wa Inna, a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ga wata tunkiya fara a ɗaure kusa da rumbu. Mun daɗe muna gaisawa, don ni dai tsoro nake ji. Na tambayi gona, na tambayi jikoki, na tambayi ƙafarsa, har na rasa abin tambaya. Sai na fito da kayen na ajiye a gabansa na ce, "Mushe, Hausar nan ba mai taɓa ta. Amma matar da ke ciki ba Lanti ba ce."

Ya cire tabarau ya dube ni irin duban da yake mana idan mun zo a makare.

"Mi ta yi?"

"Ba ta yi komi ba, Mushe. Shi ne abin. To kaɗai take cewa."

"Mace ta gari ai to take cewa. Ku 'yan yanzu kuna so ta ɗaga murya unguwa ta ji. Ga Innarki nan, shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin ta ce mini a'a ba." Sai ya juya don ya nuna mini a aikace, kamar yadda ya saba a gaban allo. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ran kasuwar Kance zan kai tunkiyar nan in saida."

Inna ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Ta ce, "Tooo."

Ya buɗe hannu ya ce, "Kin ji ko?"

Ni kuwa na ji, amma ba abin da ya ji na ji ba. Wannan "to" mai dogon wutsiya na san shi a bakin uwata, na san shi a bakina. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na sunkuyar da kai na ce, "Mushe, don Allah, tunkiyar za ta je Kance?"

Ya dubi tunkiyar. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Tun bara nike cewa zan kai ta." Ashe ran farko igiyar ce ta ɓata. Ran na biyu aka ce tana da ciki. Ran na uku ya tashi ya tarar an kai ta kiwo gidan ƙanwar Inna. Yana lissafawa muryarsa tana raguwa, Inna kuwa kafaɗarta ce kawai ke rawa don dariyar da take dannewa.

"Hajiya, da kika ce to, ba yarda kika yi ba?"

"Malam, na ji ka dai. Ji daban, yarda daban. Tunkiyar nan ta ɗanmu Amadu ce na ke kiwata mai, ran sunan ɗan shi za a yanka ɗan da ta haifa, na kuma gaya maka tun tana ƙarama. Ka manta ne, ni kuma ban ga amfanin gardama ba."

Mushe Isufu ya mayar da tabarau. Bai yi dariya ba. Ya ja kayen ya sa ƙarƙashin rediyo ya ce, "Ki gaida gida." Na fito. Na ce a raina yau na kunyata malamina a gaban iyalinsa, na kuma rasa Lanti, duka a hantsi guda. Ranar Litinin direkta ya tambayi kayen, na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi gobe wurin gwaji Hadiza ta zauna a mikorona. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Talata da ƙarfe tara muna zaune, Hadiza a kujerata tana sunne kai don ita ma ba son ranta ba ne, sai ga Mushe ya shigo da sandarsa. Tufafinsa warin man gyaɗa suke yi. Daga baya na ji cewa kwana biyu ya yi yana ɗaukar kujera yana zama a bakin rumfar masu ƙuli ta unguwarsu, tsofaffin majalisarsa suna masa tsiya wai ya koma lakwal, wato makaranta, ajin mata. Ya miƙa mini sabon kaye, ni ba direkta ba, ya ce, "Duba gyaran ɗalibinki."

Ni abin da na zata shi ne zai goge "to" ɗin nan ya sa Lanti ta tsaya ta wanke Tanko tas. Gaskiya da ni ce na rubuta haka zan yi. Shi kuwa ko ɗaya bai cire ba. Tara ɗin nan suna nan inda suke. Sai dai ƙarƙashin kowanne ya sa jan bik, irin wanda yake mana gyara da shi, ya rubuta abin da Lanti take so a lokacin da abin da ta yi bayan ta faɗa.

A sabon labarin mun san dalilin da rumfar ta zama rumfa: Lanti ce ta kafa ta da karan gonarta, kuma ɓangaren da Tanko ya bayar nan ne maƙwabciyarta Dije, wadda mijinta ya rasu, take zama tana mulmula tunkuza ta samu na cefane. Tanko ya faɗi alkawarinsa, Lanti ta ce to. Washegari da sassafe abokin ya jera kwalabensa na isansi. Lanti ta fito ta gaishe shi da kyau, ta tambaye shi iyali, sannan ta hura murhunta uku a inda ta saba hura su kullum, ta ɗora kasko. Mai ya fara tsalle. Mutumin ya ce ko za ta ɗan matsa da wutar, ta ce to, ta matsar da itace ɗaya. Kafin hantsi shi da kansa ya kwashe kwalabensa yana salati. Ba kuma duka ne na wayo ba. Akwai wanda ta faɗa don ta gaji, akwai wanda ta yarda da gaske, lokacin da Tanko ya ce a gyara rufin kafin ruwa ya yi ƙarfi. A ƙarshe ba atamfa. Lanti ce ta zaunar da mijinta ta ce daga yau kafin ya yi kyauta da abin da ke ƙofar gidan nan ya fara tambayar mai shi. "To" na goma, Tanko ne ya faɗe shi.

Direkta ya karanta a tsaye, ya sa hannu, ya ce wa Hadiza ta tashi.

Ban taɓa shan wuyar ɗaukar murya kamar ta Larabar nan ba. Kalma ɗaya, sau tara, kada biyu su yi kama. Na shidan ne ya kayar da ni, wanda Lanti take faɗa bayan Tanko ya ce ai Dije ba 'yar gidan ba ce. A gefensa Mushe ya rubuta: "Wannan ban iya bayyana shi ba, ki tambayi Innarki." Na kira ta a waya daga cikin istidiyo na karanta mata wurin. Ta faɗe shi gajere, a hankali, har Sani ya cire abin kunnensa ya dube ni. Sau bakwai na maimaita kafin ta ce ya yi.

Da ya fita ranar Alhamis, wayarmu ba ta huta ba. Wata mata daga Icirnawa ta ce a gaya wa wanda ya rubuta ya tona musu asiri. Wani dattijo daga Yauri ya ce shi yanzu tsoron gidansa yake ji. Da na faɗi sunan marubucin a ƙarshen shiri, na ƙara da cewa shi ya koya mini karatu, ina cike da alfahari. Mutum mai shekara saba'in ya karɓi gyara daga yarinyar da ya koya wa baƙaƙe, ya je ya zauna cikin hayaƙin ƙuli ya saurara, ya dawo da abin da ya fi nawa.

Shi ya sa idan na ba ku takardar mai sauraro ku duba, nake ce muku kada ku ƙirga sau nawa matar ta ɗaga murya. Na sha ganin marubuci ya sa mace tana masifa daga farko har ƙarshe, amma ba ka san abin da take so ba, ita ma wannan tabarma ce, sai dai mai ƙara. Ku nemi abin da take so, da abin da ta yi a kai. Idan marubucin bai sani ba, ku mayar masa da takardarsa da ladabi, ko da shi ya haife ku a aikin, ku ce ya je ya zauna inda mata ke aiki ya yi shiru.

Tunkiyar Inna ta haifi tagwaye, na ci naman sunan ɗan Amadu. Direkta kuwa bai manta cewa ranar Juma'ar nan "To, shef" na ce masa kafin na fita da kayen ba. Tun daga lokacin, duk umarnin da ya ba ni na ce to, sai ya ajiye bik ya ce, "Rabi, wanne daga ciki?"