Daddawar da Aka Shuka a Gwangwani

Ko da zan manta da komai na zamanmu a Khartoum kafin yaƙi, ba zan manta da ranar da aka shuka daddawar Inna ba.

Inna, mahaifiyata, tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga Nijeriya da niyyar aikin hajji, suka tsaya a Sudan, ba su koma ba. Da ciwo ya kwantar da ita a gidan yayata a Omdurman, sai ta daina cin abinci. Abu ɗaya take nema, miyar kuka da daddawar kalwa. Mu a Sudan ta 'ya'yan yakuwa muke yi, ita kuwa ta ce ba ita ba ce.

Wani kawunmu da zai zo daga gida ya taho mana da ƙulli guda. A wurin binciken kaya aka riƙe ta, sai na baro unguwarmu ta Mayo na je.

Ma'aikacin da ke duba kayan gona ya kwance ledar, ya ja da baya da kujerarsa.

"Ya zol, bawan Allah, me ya mutu a nan?"

Na ce babu abin da ya mutu, kayan miya ne. Ya ce shi bai yarda mutum na cin wannan ba, abincin dabbobi ne, ya tura ni wurin likitan dabbobi. Likitan ya shinshina, ya ce duk akuyar da ya sani za ta ƙi shi, ya mayar da ni. Da na dawo, ma'aikacin ya farfasa ƙwallo ɗaya, ya ga 'ya'yan itace a ciki.

"Iri ne! Iri ba ya shigowa sai an gwada shi."

"Ya ustaz, an dafa shi, an rufe shi har ya ruɓe."

"To za mu gani."

Ya samo gwangwanin madara, ya cika da ƙasa, ya binne daddawar da ya farfasa, ya yi mata ban ruwa da kofin shayinsa. Ya ce idan ba ta tsiro ba zai ba ni. Na tambaye shi yaushe za a san ba ta tsiro ba. Ya ce, "Malesh, yi haƙuri, ka dawo bukra," wato gobe.

Yanzu idan na ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma nakan yi. A lokacin kuwa kullum sai na haye gada zuwa Omdurman in ce wa Inna, "Tana hanya." Ban iya gaya mata ana jiran ta yi ganye ba.

Wari ne ya cece mu. Wata safiya na tarar da ma'aikatan duk sun fito da kujerunsu waje. Ma'aikacin nan da kansa ya miƙo mini ledar da bakin tsintsiya, ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗauki. Allah ya ba Hajja lafiya."

Yayata ta kaɗa miyar a ranar. Amma Inna ta riga ta kasa haɗiya. Muka kai kwanon kusa da fuskarta, ta ja numfashi a hankali, ta ce, "Wannan ta gida ce." Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba. Allah ya jiƙanta.

Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba, gonakin mutane yake tsarewa iyakar saninsa. Abin da na koya shi ne, duk wanda aka ba ikon ya ce "dawo gobe", ya fara tambaya ko mai jiran kayan yana da goben.